Kwanon Kawu Tomi Ya Ƙi Karkata

Jama'a a gyara zama. Mai tari ya yi tarinsa yanzu ya gama, mai waya ya kashe ta. Ga Tomiharu, surukin gidan Tsumori, mai tsaron tanderun da ke kwance a jikin tudu bayan garin Hagi, ubangidan yumɓu, angon tokar karan shinkafa, gwarzon da ya shafe shekara talatin da ɗoriya yana farautar kuskure guda ɗaya tak, kuskuren kuwa da ya hango shi sai ya canja hanya. A gida Kawu Tomi muke ce masa. Gajere ne mai sanƙo, tabaraunsa ɗaure da zare. In ka haɗu da shi a tashar mota sai ka ɗauka mai karanta mitar ruwa ne ya taso daga aiki.

Mijin Inna Sumako ne, yayar mahaifiyata. Kakana, Jinpei na Takwas, 'ya'ya mata biyu ya haifa ya tsaya, saboda haka aka yi abin da aka saba yi. Aka nemo saurayi mai hankali, aka ba shi babbar, aka cire masa sunan ubansa a bakin ƙofa kamar takalmi, aka sa masa na gidan. Abu ɗaya ya rage: sunan Jinpei, da hatimin da ake dannawa a gindin kwanon shayi tun yumɓu yana ɗanye. Wannan kuwa sai ranar da mai shi ya ga dama.

Marigayiya kakata ce ta zaɓo shi. Kafin nan a wata masana'antar tangaran yake aiki can tsallaken ruwa, inda ake yin fararen kofunan nan da ke riƙe waya a saman falwaya. A can in abu ya kauce da kaurin gashi ɗaya ya zama shara. Nan ya ƙare samartakarsa, har hannunsa ya haddace da'ira ya manta da komai. Kakata ta binciki halinsa: ba ya shan giya, ba ya caca, ba ya ɗaga murya. Abin da ba ta bincika ba shi ne hannun.

Su kuwa mutanen shayi, wato masu bikin shan shayi na gargajiya, ka san halinsu. Ka ba su kwano mai kyau zagayayye, su juya shi sau ɗaya, su ajiye, su tambaye ka lafiyar gida. Ka ba su wanda bakinsa ya sauka gefe guda kamar na mai ciwon haƙori, ruwan tokar da ake lulluɓe kwano da shi kafin a gasa ya gangaro ya daskare a rabin hanya, gindi ya fito tsirara da tsakuwa a jiki, sai ka ga dattijuwa ta kafa gwiwar hannu a tabarma, ta sunkuya a kansa, tana numfashi kamar ta hau tudu. Amma fa da sharaɗi. Karkatar ta zo da ƙafarta. In kai ka sa ta da gangan za su gane, ko dai su ce sun gane.

Tsoho, wato kakan nawa, ya haura casa'in. Ido ya tafi, kunne yana zaɓen abin da zai ji, hannu yana rawa tun ina firamare. Tun da hannun ya fara rawa masu rubutu a mujallu suka ce aikinsa ya kai maƙura. Na taɓa ce masa, "Tsoho, da ka san haka ne ai da tun kana ɗan arba'in ka fara karkarwa." Ya jefe ni da takalmi, takalmin ya samu agogon bango.

Ranar buɗe tanderu, in wuta ta huce, ana jera kaya a kan katako a tsakar gida. Tsoho ya fito da 'yar gudumarsa, wadda ta gangaro tare da hatimi tun daga Jinpei na farko, yana bi yana shafa kwanuka da tafin hannu. Wanda ya kusa kaiwa amma bai kai ba, ƙwas, ya fasa shi, don kada ya fita duniya ya ɓata sunan gida. Nasa na kansa yakan fasa fiye da rabi. In ya iso kan layin Kawu sai ya shafa na farko, ya shafa na ƙarshe, ya wuce.

"Baba, ba ka duba na tsakiya ba," Kawu ya taɓa ce masa.

"Na duba. Ai shi ne na farkon."

"To ko a fasa wasu?"

"A fasa me? Me suka yi? Kai su shago, baƙi su saya su sha kofi."

Haka ake kwasarsu a kai shago ba hatimi. Masu masauki da masu gidan abinci suna rububinsu, domin suna hawa kan juna a kabad ba gardama. Shinkafar da ake ci a gidan nan, har da wadda nake zuwa ci ba a gayyace ni ba, daga gindin waɗannan kwanuka take fitowa. Sai dai ba a faɗa.

Kada a ce bai yi ƙoƙari ba. Wata shekara ya yi ta maza, ya riƙa matse kowane kwano da tafin hannu kafin ya sauke shi daga faifan juyi. Tsoho ya shafa, ya shafa, ya ja tsaki.

"Duk a wuri ɗaya ka matse su, da ƙarfi ɗaya. Injin karkata ka ƙera mana?"

Ko 'yar tsagar da ake yanka a gindin kwano, wadda kowa yake yi da wuƙa fyat ya wuce, tasa sai ka rantse da awo ya yi. Farin ruwan tokar nan mai kauri, wanda a hannun Tsoho yake tsinkewa kamar kindirmon da ya kwana, ya bar jan yumɓu yana leƙowa ta nan da can, a hannun Kawu sai ya kwanta lumui kamar fentin asibiti. Inna ta taɓa ɗura masa giyar shinkafa ta tura shi kan faifai. Ya yi kwanuka a hankali, miƙaƙƙu fiye da na kullum, sannan ya kifa goshi ya yi barci. Ni kaina da na dawo daga Osaka, inda na je koyon gyaran mota na dawo da rabin ilimi da cikakken gashi, na lallaɓa ta bayansa na zungure shi a gwiwar hannu. Kwano ya yi taga-taga, kafin in gama dariya ya mayar da shi hanya bai ko waiwayo ba. Akwai ranar da ƙasa ta girgiza yana tsakiyar jan bango. Tulu ya faɗo, kare ya shige ƙarƙashin mota, Inna ta fito a guje, ba don ta ga ko mijinta yana raye ba, sai don ta ga kwanon. Zagayayye, kamar farin wata.

"Ko girgizar ƙasa, Tomi?" ta ce. "Ko girgizar ƙasa?"

"Ki yi haƙuri," ya ce. "Ban sani ba na riƙe."

Ni dai ba wanda ya taɓa kawo sunana a maganar gado. Ina ba da hayar kekuna a bakin tasha ranar da na ga dama, Tsoho kuma ya ce in aka ba ni tanderu zan gasa dankali ne a ciki. Gaskiyarsa.

Ranar sabuwar shekara muna zaune ana fama da wainar shinkafa mai danƙo, kowa yana satar kallon Tsoho kada ta maƙale masa, sai ya ajiye tsinkensa na cin abinci ya ce, "In aka buɗe tanderu a kakar bana ban taɓa kwanon shayi na gaske a layin Tomi ba, hatimi zai bi ni. A jefa shi cikin tulun da za a zuba tokar gawata. Na riga na gina tulun, yana bayan kabad."

Na je na duba. Yana nan kuwa, a karkace.

Inna ta kasa haɗiye abin da ke bakinta. Gida takwas a jere, a ce a kanta zare zai tsinke. Kawu ya tattara kwanuka ya kai wurin wanki. Kwana biyu bayan haka na same shi a bakin teku, a kan dogon simintin da ke tare igiyar ruwa, inda yake zuwa kamun kifi duk ranar hutu. Abin alfaharinsa ɗaya a duniya shi ne ɗaura ƙugiya. Ƙugiya ƙarama kamar ƙwayar shinkafa, zare kamar gashin jariri, zai ɗaura cikin iska bai cire safar hannu ɗaya ba.

"Kawu, ka bar shi ya tafi da abinsa mana. Kai da kwanukanka ke ƙarewa kafin su huce."

Ya jefa ƙugiya cikin ruwa. Sannan ya ce, "Kippei, sunan ubana na bar wa ƙanena ya riƙe. In wannan ma ya shiga tulu, me za a ce na zo yi garin nan? Mijin Sumako?"



Da bazara ta shigo, wata rana ana cin abincin rana, sai na lura da wani abu.

"Kawu, awararka tana rawa."

"Mai laushi ce," ya ce.

"Ba awarar ba ce. Hannun ne."

Inna ta ajiye kwanonta a hankali. "Sake ɗauka mu gani."

"Haba Sumako, abinci nake ci."

"Na ce sake ɗauka."

Ya sa tsinke ya ɗauko. Awara ta taso, ta yi rawa a sama kamar amarya, ta sulluɓe ta faɗa cikin romo, romo ya fantsamo masa a tabarau. Inna ta rufe baki da hannu biyu. Na ɗauka kuka za ta yi. Ashe idonta ne yake ƙyalli don murna.

"Me aka yi?" in ji Tsoho daga can kan tebur.

"Baba, hannun Tomi ne yake rawa."

"Wanne?"

"Na dama."

Tsoho ya ci gaba da tauna. Can ya ce, "A ƙara masa shinkafa."

Ni na tuƙa shi zuwa wurin likita. Likita ya ba shi takarda da alƙalami ya ce ya zana da'ira. Ya zana. Abin ya fito kamar gefen ganye da tsutsa ta ci. Kawu ya zuba wa takardar ido irin kallon da ake yi wa gidan da ya ƙone. Likita ya yi gwaje-gwajensa ya ce ba abin tsoro ba ne, shekaru ne suke kawo wa wasu, ga 'yar ƙwaya, ɗaya kowace safiya, hannu zai lafa.

Muna isa gida Inna ta karɓi ledar maganin da hannu biyu, ta yi godiya, ta wuce ɗakin da ake ajiye hotunan magabata, ta tura ta bayan hoton kakata, ta kunna turare, ta kaɗa 'yar ƙararrawa.

"Sumako, maganin fa?"

"Yana wurin Mama. Ta sa masa albarka tukuna."

"Har yaushe?"

"Ka san Mama ba ta gaggawa."

Kada ka ce ai sai ya miƙa hannu ya ɗauka. Mutumin da ya shekara talatin yana neman izini kafin ya buɗe firij a gidan nan, shi ne zai zura hannu bayan surukarsa, ko da a hoto take?

Labari ya zaga gari kafin wake ya dahu. Mai sayar da kifi ya tare shi a hanya ya sunkuya, ya ce, "Mun ji abin arziki. Ubangijin tanderu ya ƙara." Matar mai wanki ta aiko da lemo. Wani magini a unguwar gaba, wanda shi ma ɗansa hannunsa ya cika tsafta, aka ce ya sa yaron yana shan baƙin kofi kamar ruwa ko za a dace. Yaron bai samu rawar hannu ba, ya samu gyambon ciki.

Shi kuwa mai abin arzikin, damina ta same shi da haɓa duk yanka, domin reza ta daina bin umarni. Romo sai ya sunkuya ya kai baki wurin kwano. Maɓallin riga ya zama aikin rabin safiya. Na koma bakin teku na iske shi da zare a hannu ɗaya, ƙugiya a ɗaya, suna ta gaisawa sun ƙi haɗuwa.

"Kawo in ɗaura maka, Kawu."

Ya miƙo. Na ɗaura irin tawa. Ya dubi ƙullin, ya dube ni, ya naɗe sandarsa ya tafi gida. Bai sake zuwa ba.

A kan faifai kuwa, kada ka ɗauka sakin hannun ya yi. Kokawa yake da shi. Ya danne gwiwar hannu a cinya, ya cije leɓe, ya riƙe numfashi, yumɓu yana tashi yana neman da'irarsa ta kullum, hannu yana cewa a'a. Bango ya yi kauri nan, ya yi siriri can, baki ya hau ya sauka. Da ya tsayar da faifai sai ya ɗaga tafin hannu zai murƙushe abin ya mayar cikin yumɓu. Ashe Inna tana tsaye a bayansa da katako.

"Kul! Taɓa shi ka gani."

"Sumako, wannan abin kunya ne. Ko ɗan koyo ba zai yi haka ba."

"Shi ya sa. Ɗago min shi a hankali. A'a, bari, ni zan ɗaga, kada ka gyara."

Ta mayar da kujerarta ɗakin aiki, ta bar shago a hannun mahaifiyata. Ranar zuba ruwan toka ita ta riƙe masa guga. Ludayi ya yi ta ɓari, fari ya taru a gefe ɗaya kamar dusar ƙanƙara a kan katanga, wani gefen ya sha iska. Ya sa yatsa zai share wani ɗigo da ya gangaro, ta buge yatsan.

Damina ta wuce, kaka ta shigo, aka cika tanderu, aka ƙona itacen da zai ishi unguwa hunturu guda, aka toshe, aka jira ya huce. Da safe aka jera kaya a tsakar gida. Tsoho ya fito, mahaifiyata tana riƙe da shi, guduma a hannu. Ya bi nasa ya yi musu abin da ya saba. Ya iso layin Kawu. Ya shafa na farko. Ya tsaya. Ya sake shafawa, ya kife shi, ya bi gindin da babban yatsa.

Ƙwas.

Inna ta saki ihu. "An fasa! Baba ya fasa nasa! Kippei, kira matar mai wanki, ka ce an fasa na Tomi!"

Ƙwas. Ƙwas. Kowane duka sai ta ƙara matse hannun mijinta, hawaye yana zuba, tana dariya. Kawu yana tsaye kamar wanda ake karanta wa laifinsa a kasuwa. Da Tsoho ya kusa ƙarshen layi ya ɗauki wani, wanda ni a idona ya fi kowanne muni. Ya jingina gefe kamar mai jiran mota ya gaji, ruwan toka ya taru masa a ƙugu, ga sawun yatsa inda Inna ta buge hannu. Tsoho ya riƙe shi da hannu biyu, nasa hannun yana rawa, ya kai shi baki kamar zai sha. Ya daɗe a haka.

"A kira Malama Shiraki," ya ce.

Malama Shiraki ita ce babbar malamar shayi ta wannan yanki, 'yar siririyar tsohuwa wadda in ta ce ganye baƙi ne ɗalibanta za su je su canja tabarau. Aka share ɗakin shayi na bayan gida, aka yayyafa ruwa a duwatsun hanya, aka ɗora tukunya. Ni aka ce in zauna can ƙarshe kusa da ƙofa, in na buɗe baki a fitar da ni. Kawu ne mai masauki, cikin baƙar riga ta aro. Ya ɗebi garin koren shayi, rabi ya shiga kwano rabi ya sauka a tabarma. Ya zuba ruwa, ya kama maburgin gora. A nan kam hannun ya yi amfani, domin bai ko motsa shi ba kumfa ta tashi. Ya ɗauko kwano zai ajiye gaban Malama, shayi yana tangal-tangal, zufa tana bin sanƙo.

Malama ta juya ga ɗalibanta ta ce ƙasa-ƙasa, "Ku dubi yadda yake jin nauyin abin da ke hannunsa. Wannan ba a koyar da shi."

Ɗalibai suka gyaɗa kai. Wata har ta share ido.

Ta juya kwanon, ta sha, ta zuƙe na ƙarshe da 'yar ƙara. Sannan ta kafa gwiwar hannu, ta sunkuya, ta fara numfashin nan na hawan tudu. Ta ce a nan ta ga mutumin da ya daina jayayya da yumɓu. Na dubi Kawu, wanda ya yi wata shida yana jayayya da shi har leɓensa ya fashe. Kansa yana ƙasa. Ta ce in shayi ya shekara yana ratsa tsagun ruwan tokar nan, kwanon zai canja launi har ya fi haka. Aka kawo murfin akwatin katako da tawada, ta rubuta wa kwanon suna: Sanyin Asuba. Ni da an tambaye ni, Awara zan ce.

Bayan mako biyu aka yi taro. Tsoho ya ajiye sunan Jinpei, ya ɗauki sunan hutu, irin na wanda ya yi murabus, wanda limamin haikali ya zaɓa masa, aka aika da katin sanarwa ga malaman shayi da maƙwabta da duk wanda ya taɓa sayen ko da murfi. Ɗan jaridar gari ya zo ya ɗauki hoto. Wanda ya ɗauki sunan hutu kuwa ya ɗauka ke nan, ba a komawa, sai in yana so garin nan ya samu abin dariya har jikoki. A gaban kowa Tsoho ya miƙa wani ƙunshi a cikin shuɗin ƙyalle, hatimi da guduma a haɗe kamar yadda shi ma aka ba shi. Kawu ya karɓa da hannu biyu, ƙunshin yana rawa, aka yi tafi. Inna ta ce yanzu ko ta mutu ta iya kallon uwarta.

Ban leƙa gidan ba na 'yan kwanaki, domin an daina dafa na baƙi. Ranar da na koma, da hantsi, na fara shiga ɗakin magabata in gaishe da kakata in ga ko an ajiye mata lemo. Wani abu ya canja. Hotonta, wanda tun ina yaro yake ɗan jingine gefe, ya miƙe cif. Turare a jere, ƙararrawa a tsakiya daidai. Ai kuwa, kula da wurin nan aikin mai gida ne, mai gida kuma ya canja. Na leƙa bayan hoton. Ba leda.

Sai na ji muryar Tsoho daga tsakar gida.

"Gudumata! A kawo min gudumata!"

Yana zaune a kan benci da ɗanyen kwano a hannu, yana juya shi yana neman inda zai kama, ya rasa. Inna tana durƙushe a gabansa.

"Baba, guduma tana wurin na Tara."

"To a karɓo mana!"

"Baba, ai ka ajiye."

"Na ajiye me?"

"Duka, Baba. A gaban Malama. Da hoto."

Tsoho ya ja tsaki. Ya ɗaga kwanon zai buga da ƙasa, sai babban yatsansa ya taɓa gindin. Hatimin gida ne a wurin, na ubansa da kakansa. Ya sauke hannu a hankali, ya ɗora abin a cinya, ya fara zagin kare.

Inna ta hango ni. "Kippei! Kai da bakinka ba ya gajiya, yau ranarka ce. Je ka yi masa magana."

Na gyara wuyan riga na shiga ɗakin aiki. Katako bayan katako, tun daga ƙofa har taga, kwanukan shayi a jere kamar sojoji, tsawo ɗaya, faɗi ɗaya, baki ɗaya, in ka kwanta ka kalle su daga gefe layi guda za ka gani. Waɗanda suka ɗan sha iska an kife su, kowanne da hatimin Jinpei a danne a wuri ɗaya, zurfi ɗaya. Guduma tana rataye a ƙusa, can sama inda Tsoho ba zai kai ba. A jikin bango sandar kamun kifi ce, da sabuwar ƙugiya a ɗaure. Kawu yana kan faifai, haɓa sumul ba yanka ko ɗaya, yumɓu yana tashi a tsakanin yatsunsa shiru kamar ruwa a kwalba.

Na tsaya a gabansa na buɗe hannuwa.

"Ranka ya daɗe, Jinpei na Tara! Magajin takwas, uban Sanyin Asuba! Ka san abin da kake yi kuwa? Malama Shiraki ta gaya wa ɗalibanta su jira ƙannen kwanon nan. Mutane suna shirin tasowa daga Kyoto su zo su ga mutumin da ya daina jayayya da yumɓu. Tsoho yana waje yana zagin kare, Inna ta kusa suma. Shekara talatin kana neman karkata, ta zo har gida ta same ka, ka sa ƙwaya ka kore ta! Gida takwas sun yi ta karkacewa da ƙyar da gumi, kai ka zo rana ɗaya ka miƙe su. Me tarihi zai ce? Me za a rubuta a murfin akwati? Kai ko tsoro ba ka ji?"

Ya sa zare ya yanke gindin kwano, ya ɗaga shi, ya ajiye kusa da 'yan'uwansa, ya ɗan matsar da shi kaɗan don ya shiga layi. Ya ɗauko wani curin yumɓu ya buga a tsakiyar faifai.

"Ka gama?" ya ce. "To matsa, ka tare min haske."